Abraham Linkon A Majalisar Jiharsa

Ina tsammani babu ɗalibi ko ɗaya a kwalejin nan wanda bai taɓa jin sunan Abraham Linkon ba. Kowa aka tambaya zai ce shi ne Shugaban Amurka na 16, wanda ya riƙe ƙasar lokacin yaƙin basasa, ya 'yanta bayi, aka kuma harbe shi cikin shekarar 1865. Haka ne. Amma shekara huɗu da 'yan makonni kaɗai ya yi a kan wannan babbar kujera. Tun duniya ba ta san shi ba ya yi shekara takwas yana wakilin talakawan gundumarsa a majalisar dokoki ta jihar Ilinoi, daga 1834 zuwa 1842, littattafan tarihi na makaranta kuwa su kan wuce waɗannan shekaru da layi biyu ko uku. Labarinsu na ke so in ba 'yan'uwana ɗalibai a nan, domin a ganina a wannan ƙaramar majalisa ya yi karatun da bai sami yi a makaranta ba. Can ya koyi yadda a ke shawo kan mutane. Can ya sa hannu cikin wata ɓarna wadda ta jefa jiharsa cikin bashi na shekara arba'in. Can kuma ya fara rubuta sunansa a kan maganar bauta, ranar da mutum ɗaya tak ya yarda ya sa hannu tare da shi.

Amurka ƙasar tarayya ce. Akwai babbar majalisa a birnin Washinton mai duba sha'anin ƙasa duka, kowace jiha kuma tana da gwamnanta da tata majalisa mai kula da hanyoyi da makarantu da haraji da kotuna. Majalisar Ilinoi kashi biyu ce, akwai ta wakilai, akwai ta dattawa. Ta wakilai ce Linkon ya shiga.

Asalinsa

An haife shi ran 12 ga Fabrairu 1809 a jihar Kentaki, cikin wata 'yar bukka ta gumagumai mai ɗaki ɗaya. Ubansa Thomas manomi ne, yana kuma taɓa aikin kafinta. Suka yi ƙaura zuwa Indiyana cikin 1816, mahaifiyarsa ta rasu a can yana ɗan shekara tara. Matar da ubansa ya aura daga baya ta riƙe shi kamar ɗan cikinta, ta kuwa ƙarfafa shi a kan karatu. In an tara dukan kwanakin da ya yi a makaranta ba su wuce shekara ɗaya ba. Abin da ya sani duka daga littattafan aro ya same shi, bayan an tashi daga saran daji.

Cikin 1830 suka sake ƙaura zuwa Ilinoi. Da shekara ta kewayo ya bar gidan ubansa, wani ɗan kasuwa ya ɗauke shi aikin tuƙa jirgin kaya a kogin Misisipi har birnin New Orleans. Da ya komo sai ya zauna a wani ƙauye wai shi New Salem, a bakin kogin Sangamon, mutanensa kamar ɗari. Ya zama yaron kanti. Ba da daɗewa ba kowa ya san shi, domin dogo ne, ƙafa shida da inci huɗu, ga ƙarfi wajen kokawa, ga ban dariya, ba ya kuwa cin amanar kowa a awo ko a canji.

A ƙauyen akwai wani malamin makaranta, sunansa Mentor Graham. Da Linkon ya ga yana so ya yi magana a gaban jama'a, amma Turancinsa na ƙauye ne, sai ya taka wajen mil shida a ƙasa ya aro littafin nahawu, malamin nan kuwa ya riƙa warware masa wuraren da suka cije. Wannan saurayi ba ɗalibinsa ba ne, ya riga ya wuce shekara ashirin, ba ya kuma biyan kuɗin makaranta. Malamin bai kore shi ba.

Faɗuwar farko

Cikin watan Maris 1832, yana da shekara 23, ya buga takarda a jaridar gundumar Sangamon cewa yana neman a zaɓe shi wakili. Abu uku ya sa gaba. Na fari a share kogin Sangamon, a miƙe shi, domin jirage su riƙa zuwa su ɗebi amfanin gona, tun da ya ke kuɗin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ya fi ƙarfin gundumar. Na biyu a hana masu ba da rance tsawwala kuɗin ruwa. Na uku ilmi, yana so kowane mutum ya sami gwargwadon abin da zai iya karanta tarihin ƙasarsa da na waɗansu.

Bai fara yawon neman ƙuri'a ba sai yaƙi ya tashi tsakanin Turawan jihar da wani shugaban 'yan asalin ƙasar, mai suna Black Hawk, wanda ya ƙetaro kogi da mutanensa yana so ya koma ƙasar kakanninsa. Linkon ya shiga sojan sa kai, samarin yankinsu suka zaɓe shi kyaftin. Ya yi kusan wata uku bai gamu da faɗa ba, aka ma sace masa doki, ya komo gida wani wuri a ƙasa, wani wuri a kwalekwale, saura mako biyu a yi zaɓe. Mutum 13 suka tsaya, huɗu a ke so, shi ya zo na takwas. Ya faɗi. Amma a yankin New Salem, inda aka san shi ido da ido, ƙuri'a 277 ya samu cikin 300. A zamanin nan kuwa ba a jefa takarda a ɓoye a Ilinoi. Mai zaɓe ya kan tsaya a gaban malaman zaɓe ya faɗi sunan wanda ya ke so da ƙarfi, kowa na ji. Yawancin mutanen yankin ba 'yan jam'iyyar da ya ke bi ba ne, duk da haka suka ambaci sunansa.

Shekara biyu da suka biyo baya na wahala ne. Ya buɗe kanti da wani abokinsa, kanti ya karye, abokin ya mutu daga baya, bashin wajen dala 1,100 ya hau kansa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mutane da yawa a wannan daji in ya yi musu yawa su kan tattara da dare su nausa yamma. Linkon ya zauna, ya yi shekaru yana biya da kaɗan kaɗan. Cikin 1833 aka ba shi riƙon gidan waya na ƙauyen, ya sami hanyar karanta dukan jaridun da ke zuwa kafin masu su su karɓa. Aka kuma ɗauke shi mataimakin safiyo, ya koyi lissafin awon ƙasa cikin 'yan makonni, malamin nan na taimakonsa. Wannan aiki ya kai shi gona gona, har ya zamana babu lungun gundumar da ba a san fuskarsa ba. Da masu bin bashi suka sa aka yi gwanjon kayan awonsa, wani manomi abokinsa ya saye su ya mayar masa.

A Vandalia

Cikin Agusta 1834 ya sake tsayawa, ya zo na biyu cikin mutum 13, da ƙuri'a 1,376. Ba shi da tufafin shiga majalisa, sai da ya ranci dala 200 wurin wani mai hali, ya ɗinka kwat na dala 60, ya rage bashi da saura. Ya hau keken doki zuwa Vandalia, babban birnin jihar a lokacin, wani ɗan gari mai taɓo wanda mutanensa ba su kai dubu ba. Aka buɗe majalisa ran 1 ga Disamba. Dala uku a ke biyan wakili kowace rana.

A wannan zama na fari bai cika magana ba. Ya kan zauna a kujerarsa yana kallo, ba ya fashin zuwa. Ɗaki ɗaya suka kama da John Stuart, lauya, jagoran 'yan jam'iyyar Wig a majalisar, wanda suka saba tun wurin yaƙi. Ta wurinsa ya ga yadda aikin ya ke tafiya, watau yadda a ke karanta shirin doka sau uku, yadda a ke tura shi kwamiti, yadda kuma a ke ƙulla yawancin magana da dare a masauki tun ba a shiga zaure ba. Da ya ke hannunsa na da kyau, maganarsa kuma ba ta da kwana kwana, waɗansu wakilai suka riƙa kawo masa shirinsu ya rubuta musu. Stuart ne ya ba shi shawara ya karanta shari'a, ya kuma ara masa littattafai. Cikin Satumba 1836 ya sami takardar izinin aikin lauya, bai taɓa shiga kwaleji ba.

Ina ganin akwai abin lura a nan. Saurayin da aka sani da surutu da ban dariya a ƙauye, da ya shiga wurin da bai san kansa ba sai ya kama bakinsa wata biyu da rabi. Wanda ya zo koyo ba ya fara da koyarwa.

Dogaye Tara

A zaɓen 1836 shi ya zo na ɗaya a gundumar. Sangamon ta aika da wakilai bakwai da dattawa biyu, dukansu 'yan Wig, dukansu kuma dogaye, har in an haɗa tsawonsu ya kai ƙafa 54. Saboda haka aka sa musu suna Dogaye Tara. Linkon, yana da shekara 27, shi ne mai tsara musu dabara a majalisar wakilai. A ɗaya gefen kuwa akwai wani gajeren saurayi ɗan jam'iyyar Dimokurat, mai kaifin baki, sunansa Stephen Douglas. Za mu sake gamuwa da shi.

Abin da mutanen Sangamon suka aike su yi shi ne su ɗauko babban birnin jihar daga Vandalia su kawo garinsu, Springfield. Doka ta ba Vandalia shekara ashirin ne kaɗai, wa'adin ya kusa cika, baƙi kuma sai tuɗaɗowa su ke yi zuwa tsakiyar jihar da arewacinta, Vandalia kuwa tana kudu. Mutanen Vandalia, don gudun kada a ƙwace musu, suka rushe tsohon ɗakin majalisa suka gina sabo da gaggawa, har wakilai suka shiga shafen bango bai bushe ba. Garuruwa kamar Alton da Jacksonville da Peoria su ma suna so.

Linkon ya sa aka ƙara wani sharaɗi a cikin shirin dokar, cewa duk garin da aka zaɓa sai ya ba da dala 50,000 da fili eka biyu. Da wannan kaɗai ƙananan garuruwa suka fita daga takara, domin ba su da hali. Har aka taɓa jingine shirin, waɗansu abokansa suka fid da rai. Shi kuwa ya tara su a ɗakinsa da dare, ya raba musu sunayen wakilan da za a bi a lallasa, suka fita cikin sanyi suna ƙwanƙwasa ƙofofi, kashegari aka ta da maganar. Ran 28 ga Fabrairu 1837 majalisun biyu suka haɗu suka yi ƙuri'a. A zagaye na fari Springfield ta sami 35, a na huɗu ta sami 73, ta ci. Har yau ita ce babban birnin Ilinoi.

An daɗe ana cewa Dogaye Tara cinikin ƙuri'a suka yi, watau ka ba ni taka a kan Springfield in ba ka tawa a kan hanyar jirgi zuwa garinku. Cikin 1965 wani ɗan majalisar Ilinoi, Paul Simon, ya bi littattafan majalisar ƙuri'a ƙuri'a, ya rubuta cewa bai ga alamar irin wannan ciniki a cikinsu ba. Ko ma yaya ne, maganar hanyoyin jirgin ita ce babbar ɓarnar wannan zama.

Bashin shekara arba'in

Manomin Ilinoi yana da ƙasa mai albarka, amma ba shi da hanyar kai hatsinsa kasuwa. Cikin 1825 jihar New York ta gama haƙa wata doguwar hanyar ruwa wadda ta haɗa manyan tafkuna da teku, ta kuwa yi arziki da ita, sai kowace jiha ta ɗauki zazzaɓin yin irin nata. Linkon, wanda ya san wahalar tuƙin jirgi da tafiya cikin taɓo, yana cikin na gaba gaba. Douglas ma haka, jam'iyyun biyu duka suna ciki.

Cikin Fabrairu 1837 majalisa ta yi dokar ranto dala miliyan goma da 'yan kai, domin a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wajen mil 1,300, a kuma share koguna. Don kada kowa ya yi fushi, aka ware dala 200,000 a raba wa gundumomin da hanya ba ta bi ta cikinsu ba. Don kada kuma wani gari ya riga wani, aka ce a fara aikin a wurare da yawa gaba ɗaya. Gwamna Duncan ya ja kunne, ba a ji ba. Bayan wata uku kasuwar kuɗi ta Amurka ta rushe, bankuna suka daina biyan zinariya da azurfa, masu ba da rance suka janye hannu.

Abin da aka samu bayan an kashe kuɗi shi ne tarin ƙasa da ramuka nan da can, da guntuwar hanyar jirgi guda, ba ta kai mil 60 ba, daga Meredosia zuwa Springfield. Kafin ƙarshen 1842 bashin jihar ya kai wajen dala miliyan 15, mutanenta kuwa a ƙidayar 1840 su 476,000 ne. Watau kowane rai, har jinjiri, ana binsa fiye da dala 30, a lokacin da gwamnati ke sayar da eka guda dala ɗaya da kwata. Jihar ta kasa biyan ko da kuɗin ruwa. Sai wajen 1880 aka gama biya, Linkon ya daɗe a kabari. Saboda zafin abin, da aka sake tsarin mulkin jihar cikin 1848 aka hana majalisa cin bashin da ya wuce dala 50,000 sai da yardar masu zaɓe.

Linkon bai yi saurin sakin shirin ba. Yana ganin abin kunya ne a bar aiki a tsakiya bayan an zuba dukiya. Cikin 1839 ya kawo shawara jihar ta sayi filayen Gwamnatin Tarayya da ke cikinta da araha, ta sayar da riba, ta biya bashi. Majalisar Washinton ba ta ko waiwayi maganar ba. A ganina nufinsa daidai ne, gama manomi ba ya arziki sai da hanya, kuma hanyar ruwan da aka haƙa daga Shikago zuwa kogin Ilinoi, wadda shi ma ya goyi bayanta, da aka gama ta cikin 1848 ta taimaka ƙwarai wajen girman wannan birni. Inda aka ɓata shi ne awo. An so a faranta wa kowa rai a rana ɗaya, da kuɗin da ba a da shi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Mutum biyu

A cikin wannan zama na 1837 aka yi wani abu wanda mutane kaɗan suka kula da shi a lokacin. Ilinoi ba jihar bayi ba ce bisa doka, amma yawancin mazaunanta na fari daga jihohin kudu suka zo, tana kuma da dokoki masu tsanani a kan baƙar fata, har ba a karɓar shaidar baƙi a kan Bature a kotu. A arewacin Amurka kuwa ƙungiyoyin masu neman a kashe bauta sun fara ƙarfi. Jihohin kudu suka aiko da takardu suna neman 'yan'uwansu na arewa su tsawata musu. Cikin Janairu majalisar Ilinoi ta amsa. Ta la'anci waɗannan ƙungiyoyi, ta kuma ce tsarin mulkin ƙasa ya tsare wa jihohin kudu ikon mallakar bayi. Wakilai 77 suka yarda, 6 suka ƙi. Linkon na cikin shidan.

Bai tsaya nan ba. Ran 3 ga Maris shi da wani wakilin Sangamon, Dan Stone, suka sa aka rubuta takardar ƙin yardarsu a cikin littafin majalisa. Abin da ta ƙunsa shi ne, bauta zalunci ce daga tushenta, kuma mugun tsari ce ga ƙasa. Suka ƙara da cewa irin wa'azin ƙungiyoyin nan yana ƙara cutar ne maimakon ya rage ta, kuma majalisar Washinton ba ta da ikon taɓa bauta a cikin jihohi, amma tana da iko a yankin babban birni, ko da ya ke bai kamata ta yi ba sai mutanen wurin sun nema.

Mai karatu na yau zai ce wannan magana ai da sanyi ta ke, gaskiyarsa kuwa. Zai kuma lura Linkon bai kai takardar ba sai bayan kwana uku da cin ƙuri'ar Springfield, sa'ad da ba sauran abin da za ta ɓata masa. Ba zan ɓoye ba kuma, a takardarsa ta neman zaɓe cikin 1836 Turawa kaɗai ya nema wa ikon ƙuri'a, ko da ya ke ya haɗa da matansu masu biyan haraji. Mutumin zamaninsa ne, da sauran tafiya a gabansa. Amma a duba wurin da ya tsaya. Babu ƙuri'a ko ɗaya da wannan takarda za ta jawo masa a Sangamon, sai dai ta rage. Cikin mutum shida da suka ƙi, da Dogaye Tara duka, hannu biyu kaɗai aka samu. Bayan wata takwas, cikin Nuwamba 1837, 'yan tarzoma suka harbe wani mai jarida, Elijah Lovejoy, a garin Alton na wannan jiha, saboda yana rubutu a kan 'yanta bayi. Wannan ita ce iskar da ke kaɗawa sa'ad da ɗan shekara 28 ya kira bauta zalunci, ya kuma sa aka rubuta domin kada ya sami hanyar musu gobe.

Tsalle ta taga

Cikin Afrilu 1837 ya koma Springfield da zama, a kan dokin aro, kayansa duka cikin jaka biyu, ya shiga aikin lauya tare da Stuart. Aka sake zaɓensa cikin 1838 da 1840. Sau biyu 'yan Wig suka tsai da shi neman shugabancin majalisa, sau biyu 'yan Dimokurat suka kayar da shi.

Cikin Disamba 1840 aka yi abin dariya. An ba bankin jihar izinin dakatar da biyan zinariya da azurfa har ƙarshen zaman majalisa. 'Yan Dimokurat, da ya ke ba su son bankin, suka shirya rufe zaman da wuri domin izinin ya ƙare. 'Yan Wig suka ƙi zuwa, don kada adadin da doka ta ce ya cika, suka bar Linkon da mutum biyu su riƙa neman a kira suna. A majami'ar Methodist a ke zaman, domin ba a gama ginin majalisa ba. Sai aka aika aka tattaro waɗanda ba su zo ba, aka kulle ƙofa, adadi ya cika. Da Linkon ya ga haka sai ya ɗaga taga ya yi tsalle waje, shi da abokansa. A banza, an riga an ƙidaya su. Jaridar abokan gāba ta yi ta yi masa ba'a, wai bai ji ciwo ba domin ƙafafunsa sun kusa kai ƙasa tun yana kan taga. Ya ji kunyar abin, ba ya son a tuna masa.

A wannan mako kuma ya kawo wata shawara wadda ta shafe mu. Ya nemi kwamitin ilmi ya duba yadda za a yi doka a riƙa jarraba duk mai neman aikin koyarwa, kada kuma a biya kowane malami daga kuɗin makarantun gwamnati sai ya ci jarrabawar. Ya san abin da ya ke faɗi. Makarantun dajin da ya yi yana yaro, duk wanda ya iya karatu da rubutu da ɗan lissafi ya zama malami. In jarrabawar ƙarshen shekara ta matsa mana, mu tuna wanda ya nemi a yi irinta mutum ne da rashin ƙwararren malami ya cuta.

Abin da ya biyo baya

Bai sake neman kujerar ba cikin 1842. Ya yi aure, ya yi zama guda a majalisar Washinton daga 1847 zuwa 1849, ya koma aikin lauya. Amma majalisar jihar ba ta rabu da shi ba, domin a zamanin nan ita ke zaɓen dattawan da za su wakilci jiha a Washinton. Cikin 1854 aka sake zaɓensa wakili, ya ajiye domin ya nemi kujerar dattawa. Da ya ga ba zai kai ba, sai ya ce magoya bayansa su ba Lyman Trumbull ƙuri'unsu, mutumin da ya fara da biyar kaɗai, domin dai kujerar ta tafi hannun mai ƙin yaɗuwar bauta. Cikin 1858 ya kara da Douglas, suka yi muhawara sau bakwai a garuruwan jihar, majalisa ta zaɓi Douglas da ƙuri'a 54, shi 46. Bayan shekara biyu ya kayar da Douglas ɗin a zaɓen shugaban ƙasa.

Duk wanda ya san shekarun Vandalia zai gane su a cikin shugabancinsa. Cikin 1862 ya sa hannu a dokar shimfiɗa hanyar jirgi har tekun yamma. Ran 1 ga Janairu 1863 ya yi shelar 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye. Cikin Janairu 1865, da a ke neman gyara tsarin mulki a kashe bauta ɗungum, ƙuri'u ba su isa ba, sai ya koma ga tsohuwar sana'arsa ta bin wakilai ɗaya ɗaya, har aka sami 119 a kan 56. Kashegari majalisar Ilinoi, wadda ta yi 77 da 6 shekara 28 da suka wuce, ita ce ta fara amincewa cikin dukan jihohi. Aka harbe shi ran 14 ga Afrilu, ya cika da safe. Aka kawo gawarsa Springfield, aka ajiye ta a zauren majalisar wakilai, jama'a suka kwana suna wucewa suna ban kwana.

'Yan'uwa, kaɗan daga cikinmu ne za su ga cikin majalisa, amma kusan dukanmu za mu zauna a kwamitin makaranta ko taron gari, inda za a kawo shirin da kowa ke tafa wa hannu alhali ba kuɗin yinsa, ko a nemi mu yi shiru a kan abin da muka san zalunci ne. Linkon ya gamu da duka biyu cikin wata guda. A na fari ya bi taro, jiharsa ta biya shekara arba'in. A na biyu ya tsaya shi da mutum ɗaya. Kuma duk ƙauyen da aka tura mu, wataƙila wani saurayi da ya wuce shekarun shiga aji zai zo da littafin aro a hannu yana neman a warware masa wani wuri. Kada mu ce mun tashi daga aiki.